Idan Tuta Za Ta Sauya, Wa Ke Riƙe da Gari? Sharhi Kan Mulkin Kai Daga Bakin Iyakar Bagudo

Ƙasar da ake kira ƙaramar hukumar Bagudo a yau ta sha sauyin hannu. Kafin zuwan Turawa, wani ɓangarenta yana kallon Bargu, wani yana kallon Gwandu. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa da Ingila suka yi ja-in-ja a kanta. A 1900 ta shiga ƙarƙashin gwamnatin Ingila, a 1959 ta zama yanki na Jihar Arewa mai mulkin kanta, a 1960 ta wayi gari cikin Nijeriya mai 'yanci. Daga nan sai Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Kebbi a 1991. Duk cikin waɗannan sauye-sauye, ba a taɓa girke akwati a Illo ko Lolo ko Ka'oje an tambayi mutane ƙasar da suke so su bi ba.

Wannan ya sa Bagudo ta zama wurin da ya dace a tsaya a duba wata tambaya da ta dami duniya tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu: idan za a miƙa wani yanki daga hannun wata gwamnati zuwa wata, ta yaya mutanen yankin za su samu ikon tafiyar da al'amuransu? Abubuwa biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne ikon mallakar ƙasa, wato tuta da soja da fasfo da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Na biyu shi ne mulkin kai, wato wa ke karɓar haraji, wa ke yanke shari'a, wa ke raba fili da burtali, kuma ko jama'a za su iya tsige shi idan ya karkace. Na farko a rana ɗaya ake miƙa shi, da fareti da jawabai. Na biyu sai an yi shekaru ana gina shi. Tarihin wannan yanki, da na wasu wurare da suka fuskanci irin haka, ya nuna cewa mulkin kai ba ya tsira daga sauyin hannu sai ya cika sharuɗɗa uku: an fara shi da wuri, mai karɓar ƙasar ya yarda da shi, kuma ya sauko har gunduma bai tsaya a babban birni ba.

Layin da aka ja a Faris

Illo tsohon gari ne. A tarihin baka na Bargawa, gidajen sarautar Busa da Nikki da Illo 'yan uwa ne, dukkansu suna danganta kansu da Kisra. Garin yana kusa da gaɓar Kwara, kuma ta nan ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ƙetare ruwa su nufi Kandi da Jugu har Gwanja don sayo goro. Ka'oje kuwa garin Fulani ne da ya jingina da Gwandu, masarautar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa. Kyangawa da Busawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa duk suna zaune a wannan tsiri, suna auratayya da cinikayya, kowa ya san sarkin da yake kai wa gaisuwa.

A 1894 aka yi abin da Turawa suka kira tseren Nikki. Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna Lugga, ya isa Nikki a watan Nuwamba a madadin Kamfanin Royal Niger, ya samo takardar yarjejeniya. Kwanaki kaɗan bayansa Bafaranshe Decoeur ya iso, shi ma ya samo tasa. Faransawa suka ce takardar Lugga ba ta da ƙarfi tunda bai ga sarkin ido da ido ba. Da gardamar takarda ta ƙi ƙarewa, sai aka koma ta bindiga: a 1897 sojojin Faransa suka shiga Busa suka kafa sansani, Ingila kuma ta kafa rundunar da ta tura Bargu. Aka zauna ana kallon-kallo, sansani kusa da sansani, saura ƙiris ƙasashen biyu su gwabza.

A ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu kan yarjejeniya a Faris. Nikki ta tafi ga Faransa, Busa da Illo suka zauna wa Ingila. Yarjejeniyar ta ce layin zai taɓa Kwara ne a wani wuri mai nisan mil goma sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Da wannan jimla ɗaya aka yanka Bargu gida biyu, aka raba Dandi, aka bar Lolo a gefe ɗaya da Madekali a ɗaya gefen. Faransa ta kuma samu hayar filaye biyu a bakin kogi, a Bajibo da Forkados, don sauke kayanta. Wato an tuna da buhunan fataken Faransa a cikin yarjejeniyar, amma ba a tanadi wata hanya ta jin ra'ayin masu ƙasar ba. A 1906 aka sake wata yarjejeniya da ta fayyace layin, aka bi daji ana kakkafa alamomi.

Sauyin bai tsaya a nan ba. A ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin. Cikin shekaru goma na farko, Turawa suka cire Illo daga Lardin Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu a Lardin Sakkwato. A idon Razdan, gyaran taswira ne don sauƙin rangadi. A idon gidan sarautar Illo, an raba su da danginsu sau biyu cikin shekaru kaɗan: an yanke su daga Nikki, an kuma yanke su daga Busa.

Yadda mutane suke ɗaukar irin wannan gyara ya fito fili a Busa. A 1915 Turawa suka tsige Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri. Nan take aka yi bore ƙarƙashin jagorancin Sabuki, ɗan gidan sarauta, aka kashe wasu daga cikin waɗanda Turawa suka naɗa. Daga baya dole aka warware haɗin, a 1924 kuma aka mayar da Kitoro Gani kan gado. A ɓangaren Faransa, Biyo Gera ya ɗaga makami a 1916 saboda kamen soja da aikin tilas, ya rasa ransa a ƙarshen shekarar. Bore biyu a Bargu ɗaya cikin shekaru biyu, kuma tushensu guda ne: an yanke wa mutane hukunci ba tare da shawara ba.

Tsari biyu a gaɓa ɗaya

Da ƙura ta lafa, sai 'yan uwan da layi ya raba suka tashi cikin tsari biyu mabambanta. A gefen Ingila akwai En'e. Sarki yana da majalisarsa, da alƙalai, da dogarai da 'yan doka, da gidan yari, da baitulmali, tsarin da aka fara gwadawa a Katsina kafin ya bazu. Hakimi yana zaune a gundumarsa yana tara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo. Wani kaso ya tafi wa gwamnati, saura ya zauna a baitulmalin Gwandu a Birnin Kebbi, a biya albashi, a yi hanya, a gina makarantar elemantare da ɗakin shan magani.

A gefen Faransa, kwamanda ne wuƙa da nama. Sarakuna sun koma ma'aikata da ake naɗawa a sauke yadda aka ga dama. Akwai dokar da ta ba kwamanda damar ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da an je gaban alƙali ba, ga aikin tilas, ga kamen soja. Sai a 1946 aka soke wannan doka da aikin tilas. Shi ya sa a zamanin Turawa mutane da yawa kan tsallako daga Dahome da Nijar zuwa gefen Ingila idan wuya ta yi wuya, wasu kuma su tsallaka can idan lokacin ƙirgar shanu ya zo. Talakan bakin iyaka bai da ƙuri'a, amma yana da ƙafa da kwalekwale, kuma da su ya riƙa faɗin ra'ayinsa.

Kada dai a ɗauka En'e mulkin kai ne cikakke. Ta koya wa 'yan ƙasa riƙon littafin kuɗi da kasafi da shari'a, wannan gaskiya ne, kuma da wannan gogewa Arewa ta shiga 'yanci. Amma hisabinta sama yake kallo. Hakimi yana tsoron Sarki, Sarki yana duban fuskar Razdan. Manomin da ya biya haraji, aka yago masa 'yar takardar shaida ya naɗe a cikin hula don kada ɗan doka ya tare shi a hanyar kasuwa, ba shi da inda zai je ya tambayi abin da aka yi da kuɗinsa. Ga mutumin Illo kuma, tazarar ninki biyu ce: baitulmalin yana Birnin Kebbi, a hannun masarautar da ba ita ce ta kakanninsa ba.

Shekarun shiri

Bayan yaƙi, Ingila ta gane cewa tafiya ta zo, sai aka shiga gina matakala. Tsarin mulkin Richards ya kawo majalisun jihohi a 1947. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul, yana kukan cewa talaka ba shi da murya a cikinta. A wannan wata ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ɗauki maganar talakawa da zafi fiye da haka. A 1952 aka kawo ƙarshen tsarin da sarki shi kaɗai ne hukuma, aka ce dole ya yi aiki da majalisa. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe ƙofar kafa majalisun gunduma da na ƙauye masu zaɓaɓɓun wakilai.

A tsakiyar wannan ne Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, a majalisar Legas cikin 1953. Sardauna Ahmadu Bello da wakilan Arewa suka ƙi a ɗaure su da shekara, suka ce sai lokacin da ya dace. Aka yi musu ihu a Legas, rikici ya biyo baya a Kano a watan Mayu. An daɗe ana fassara wannan matsayi da cewa tsoro ne ko son Turawa. Amma idan aka dube shi ta fuskar tambayar da ke gabanmu, hujjar a fili take: idan Bature ya tafi alhali ba ka da akawu da injiniya da likita da jami'in mulki naka, to wani ne zai zauna a kujerar, kai kuma ka sauya ubangida kawai. Yamma da Gabas suka karɓi mulkin kai a 1957, Arewa ta jira har 15 ga Maris 1959. A cikin waɗannan shekaru na shiri aka buɗe makarantar koyon aikin mulki a Zariya, aka dage da manufar cike ofisoshi da 'yan Arewa. Gwandu ma ta taka rawa a sama, domin Sarkin Gwandu Haruna Rashid ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa.

Sai dai matakalar ta fi ƙarfi a Kaduna fiye da gunduma. Zaɓukan farko ta hanyar wakilai ake yin su, mataki-mataki, kuma ma'aikatan En'e ne suka fi cin moriyarsu. Majalisun gunduma da yawa hakimi ne ke shugabantarsu, shawara kawai suke bayarwa. Mata kuwa ba su jefa ƙuri'a a zaɓukan Arewa ba sai a shekarun 1970. Hujjar da Arewa ta kafa wa Kudu, cewa kada a miƙa mu ga wanda ya riga mu shiri, ita ce ƙananan ƙabilu suka kafa wa manyan masarautu. Hukumar Willink ta zagaya a 1957 da 1958 ta saurari koke-kokensu, ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki.

A tsallaken layi, Faransa ta bi gajeriyar hanya. Dokar 1956 ta ba kowane yanki majalisa da ƙaramar gwamnati. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Dahome ta zaɓi zama cikin ƙungiyar Faransa. A Nijar Jibo Bakari ya yi kiran a ce a'a, ya sha kaye. Dahome ta samu 'yanci a ranar 1 ga Agusta 1960 ƙarƙashin Hubert Maga, ɗan arewacin ƙasar, Nijar ta biyo baya ranar 3 ga wata, Nijeriya kuma 1 ga Oktoba. Cikin wata biyu, tutoci uku suka tashi a kewayen Bagudo. Layin 1898 bai motsa ko taku ɗaya ba, kuma a taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince a bar iyakokin da aka gada yadda suke.

Inda aka tambaya da inda ba a tambaya ba

Akwai wuri ɗaya a Arewa da aka tambayi mutane, kuma darasinsa ya cancanci a tsaya a kai. Arewacin Kamaru, tsirin da ya taso daga Dikwa ya bi ta Mubi har tsaunukan Mambila, tsohon yankin Jamus ne da Ingila ke riƙo a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana mulkarsa a matsayin ɓangaren lardunan Barno da Adamawa da Binuwai. A watan Nuwamban 1959 aka tambaye su: ku shiga Arewacin Nijeriya, ko a ɗage maganar? Kaduna ta saki jiki cewa an gama. Sai mutum 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka ce a shiga. Da aka bincika, aka gane ba ƙaunar Kamaru ce ta jawo haka ba. Mutanen tsaunuka ne suka gaji da hakiman da ake turo musu daga Yola.

Nan da nan aka yi abin da aka ƙi yi shekara da shekaru. Aka cire yankunan daga ƙarƙashin Adamawa da Dikwa, aka kafa sababbin En'e-En'e a Mubi da Camba da Gashaka-Mambila da Gwoza, aka sauke wasu hakimai, aka yi zaɓen majalisu. Sardauna ya yi alkawarin cewa yankin zai zama lardi mai cin gashin kansa. A watan Fabrairun 1961 aka sake ƙuri'a, wannan karon har da mata: 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Ƙuri'a ce ta ba su abin ciniki. Saboda mai karɓar ƙasar yana buƙatar yardarsu, sai ya biya da mulkin kai, kuma tunda shi ne ya yi alkawarin, gyaran bai rushe ba ranar da tuta ta sauya.

A Hankon akasin haka aka gani. Ingila ta mulki birnin sama da shekara 150, amma ba ta yi zaɓen 'yan majalisa kai tsaye ba sai 1991, shekara bakwai bayan ta sa hannu da Sin kan miƙa shi. Gwamna na ƙarshe, Chris Patten, ya faɗaɗa zaɓe ba da yardar Sin ba, aka zaɓi majalisa a 1995, Sin kuma ta rushe ta ranar 1 ga Yuli 1997 ta kafa ta wucin gadi. Abin ya yi kama da ɗan haya da ya tashi gyaran gida ana gobe zai kwashe kaya, bai kuma tambayi maigidan ba. An makara, kuma mai karɓa bai sa hannu ba.

Bakasi ta nuna fuska ta uku. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin ranar 10 ga Oktoba 2002, bisa takardun Ingila da Jamus. A ranar 12 ga Yuni 2006 Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a gaban Kofi Annan, wadda ta yi alkawarin kare dukiya da sana'a da harshen mazauna. An kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta 2008. Ba a yi ƙuri'a ba, ba a kuma bar wa masunta wata majalisa tasu da za ta bi musu kadin alkawarin ba. Dubbai suka kwashe komatsansu suka koma Kuros Riba. Alkawarin da ke kan takarda tsakanin shugabanni biyu, idan babu hukumar 'yan gari da za ta riƙe shi, ba ya hana jandarma karɓe koma.

Kusa da gida, sama kaɗan da Gaya da Malanbil, akwai tsibirin Lete a cikin Kwara. Nijar da Benin, wato tsohuwar Dahome, sun yi ta taƙaddama a kansa tun farkon shekarun 1960, tsakanin makiyaya daga gefe ɗaya da manoma daga ɗaya gefen. A ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin. Wani abin lura shi ne, kotun ta duba wace gwamnati ce ta riƙa tafiyar da wurin a aikace a zamanin Turawa: wa ke rangadi, wa ke karɓar haraji. Wato 'yar takardar nan ta cikin hula tana iya zama hujjar mallakar ƙasa bayan shekara hamsin.

Bayan tuta

Me ya faru da mulkin kai a Bagudo bayan 1960? Gwamnatocin soja sun karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Garambawul na 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, Bagudo ta zama ɗaya daga cikin na tsohuwar Jihar Sakkwato, ta haɗa gundumomi irin su Illo da Ka'oje da Zagga. A karon farko hedikwata ta matso kusa, kuma kansila ya zama mutumin da ake iya tarewa a wurin suna ko jana'iza a yi masa ƙorafi. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni a faɗin ƙasar suka saba da rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. Sai a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci daban, aiwatarwa daban.

Benin, wadda Mathieu Kerekou ya sauya wa suna daga Dahome a 1975, ta daɗe da mulki daga sama. Bayan babban taron ƙasa na 1990 aka fara maganar rarraba iko, aka raba ƙasar gundumomi 77, aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi a watan Disamban 2002. Maƙwabtan Bagudo, Malanbil da Segbana a jihar Alibori, yanzu suna da majalisu da magadan gari. Ke nan yau akwai zaɓaɓɓun hukumomi a gefe biyu na layin, masu jin harshen juna, wasu ma surukan juna ne.

Duk da haka, shawarar da ta fi taɓa tukunyar mutumin iyaka ba a hannunsu take ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafa, a watan Nuwamba kuma ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Daga Abuja, yaƙi ne da fasa-ƙwauri. A Lolo da Tsamiya kuwa, manomin rani ne da injin ban-ruwansa ya tsaya a fadama, da ɗan acaɓa da ke sayen mai a galan da tsada, da mai albasa da buhunansa ke ruɓewa saboda masu sayensa suna tsallake. Ɗan kasuwar nan yana da naira a aljihun dama, sefa a na hagu, ya san canjin yau kafin ya karya kumallo. Rayuwarsa gaba ɗaya a kan ƙetarawa aka gina ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 kuma aka rufe gadar Malanbil da Gaya, jama'a suka koma kwalekwale. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS tana nan tun 1979, amma ba ta hana a toshe hanya dare ɗaya ba tare da an tuntuɓi ko da kansila guda ba.

Abin da ya rage a yi

Babu mai shirin miƙa Bagudo ga wata ƙasa. Amma layin yana da wuraren da alamominsa suka ɓace ko gona ta cinye su, kuma lokaci-lokaci ana samun cece-kuce kan wasu tungaye. Duk ranar da hukumomin iyaka na Nijeriya da Benin suka kammala sake shata shi, ba mamaki wata tunga ta wayi gari a gefen da ba ta zata ba, kamar yadda ya faru da ƙauyukan tafkin Chadi irin su Darak a ƙarshen 2003. Kafin wannan rana ya kamata a shirya, ba bayanta ba.

Shirin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A sa hakimai da dagatai da kansiloli da shugabannin makiyaya da masunta da mata 'yan kasuwa cikin kowane kwamitin shata iyaka tun daga zaman farko. A rubuta gonaki da burtali da mashaya da wuraren su, ta yadda haƙƙin mutum zai bi shi ko da tuta ta sauya a kansa. A ba ƙaramar hukumar Bagudo da takwarorinta na Malanbil da Segbana hurumin zama a hukumance kan kasuwa da kiwo da satar shanu, maimakon kowace ƙaramar magana sai ta je Abuja da Kwatano ta dawo. Hukumar raya yankunan iyaka da aka kafa wa doka a 2003 ta riƙa tambayar gari abin da yake so kafin ta kawo ɗan kwangila. Kason ƙaramar hukuma kuma ya iso, a liƙa kasafin a bangon sakatariya inda mai karatun boko da na ajami duk za su iya dubawa.

Wani zai ce tsaro ya fi gaban ƙaramar hukuma, musamman yanzu da 'yan bindiga ke yawo a dazuzzukan da suka haɗa ƙasashen uku. Gaskiya ne soja da kwastam na tarayya ne, kuma haka ya kamata su zauna. Amma baƙon fuska a daji, mai unguwa da arɗo ne ke fara ganinsa, kuma ba za su kai rahoto ga gwamnatin da suka sani da shinge da karɓar na goro kaɗai ba. Mutanen Mubi da Gwoza sun zaɓi Nijeriya a 1961 ne bayan an ba su majalisu da baitulmali nasu. Ƙasar da ke son mutanen bakin iyakarta su tsaya mata, da irin wannan kuɗi take sayen amanarsu, kuma gara ta biya tun babu wanda ke zawarcinsu.